Djibo Bakary da ɗakunan kason da suka haɗiye ƴan Sawaba

Matasan da suka tashi a unguwannin Yamai irin su Dar es Salam, in sun san sunan Djibo Bakary, galibi sun gan shi ne a jikin gadar Farié da aka raɗa wa sunansa, ko kuma sun ji shi a lakwal, cikin darasin zaɓen raba gardama na 1958. Shi ne zaɓaɓɓen magajin garin Yamai na farko, shi ne kuma ɗan ƙasa na farko da ya ja ragamar gwamnati a Nijar. Sai dai duka mulkin nasa bai cika shekara biyu ba. Sauran rayuwarsa ta siyasa, da ta dubban mutanen da suka bi shi, ta fi shafar gudun hijira da gidan kaso, da ɗakin da ake kullewa tun magariba a bar mutane da bokiti ɗaya a lungu.

An haife shi a 1922 a Soudouré, ƙauyen da yau Yamai ta kusa haɗiyewa. A nan ne kuma aka haifi ɗan'uwansa Diori Hamani shekara shida kafin shi. Yana yaro aka kai shi Tawa wajen wani kawunsa, can ya shiga lakwal, can kuma Hausa ta zauna a bakinsa, abin da ya yi masa rana daga baya lokacin da ya riƙa tara jama'a a Maraɗi da Tasawa da Damagaram. Ya wuce makarantar William Ponty ta ƙasar Senegal, inda Faransa ke horar da malamai da akawuna na yammacin Afirka, ya dawo ya koyar a Birnin Ƙonni da Agadas.

Nijar ɗin da ya girma a cikinta ƙasar kumandan ce. A ƙarƙashin dokar da Faransawa ke kira indigénat, kumandan na iya jefa talaka kaso har kwana 15 ba tare da an je gaban alƙali ba: don jinkirin biyan haraji, don ƙin fita aikin tilas, ko don an ce ya yi wa Bature rashin ladabi. Kason kuwa rumbun leburori ne na kyauta. Ƴan kaso ke sharar tituna, su ke ɗibar ruwa, kuma a garuruwan da Turawa ke zaune su ne ke bi da asuba suna kwashe bokitan bayan gida na ma'aikatu da gidajen manya, su ɗora a ka su kai bayan gari. Mutumin da ya kwana kusa da bokitin ɗakinsa, gari na wayewa sai a tura shi ya ɗauki na wani. An soke indigénat da aikin tilas a 1946. Gine-ginen kason da bokitansu kuwa suka ci gaba da zama yadda suke.

A shekarar ce aka kafa jam'iyyar PPN, reshen RDA a Nijar, kuma ba a daɗe ba Djibo ya ajiye alli ya zama babban magatakardanta. A 1950 shugaban RDA Félix Houphouët-Boigny ya yanke hulɗa da ƴan kwaminis na Faransa, ya zaɓi sasantawa da gwamnatin mulkin mallaka. Diori da Boubou Hama suka bi shi. Djibo ya ƙi, ya fita ba shi da muƙami ba shi da albashi, har ya koma noman lambu a bakin kogi. Daga nan ya shiga haɗa kan ma'aikata cikin sandika, kuma mutanen da ya tara ba masu farar riga ba ne: direbobi, ƴan kamasho, kuku da boyi-boyin gidajen Turawa, magina, ƴan dako, maɗinka, ƙananan ƴan kasuwa. Irin mutanen ke nan da kaso ya fi sani. A 1954 ya kafa jam'iyyar UDN, amma sunan da ya bi ta shi ne kalmar da jama'a ke ɗagawa a wajen taro, Sawaba, wato samun sauƙi bayan wuya.

A watan Nuwamban 1956 ya zama magajin garin Yamai, garin da a lokacin bai kai mutum dubu 30 ba, inda wurin da Dar es Salam take yau daji ne da gonaki. A zaɓen 31 ga Maris 1957 ƙawancensa ya samu kujera 41 cikin 60 na majalisa, a watan Mayu kuma ya kafa gwamnati. Gwamna Bafaranshe na nan a samansa, soja da jandarma na hannun Faransa. Gwamnatin ta taɓa wasu sarakuna, ta tuɓe wasu, sauran suka riƙe abin a zuci.

Da Janar de Gaulle ya kawo zaɓen raba gardama na 28 ga Satumba 1958, Djibo ya yi kira da a ce a'a, kamar yadda Sékou Touré ya yi a Gini. Faransa ba ta shirya rasa Nijar ba, ƙasar da ke iyaka da Aljeriya ana tsakiyar yaƙi. Ta turo sabon gwamna, Don Jean Colombani, wanda ya karɓe ragamar komi, ya janyo sarakuna, aka watsa soja cikin ƙauyuka. Sakamakon da aka bayyana ya ba masu cewa i kusan kashi 78 cikin 100, alhali mafi yawan masu rijista ba su ma fita ba. Gwamnatin Djibo ta faɗi, Diori ya hau a watan Disamba. A watan Oktoban 1959 aka haramta Sawaba, shi kuwa Djibo ya riga ya fice zuwa Bamako, daga baya ya koma Accra wajen Kwame Nkrumah. Ranar 3 ga Agustan 1960, da Nijar ta samu ƴancin kai, mutumin da ya fara neman ƴancin yana ƙasar waje.

Waɗanda ba su da halin ficewa su suka sha. A ƙarƙashin ministan cikin gida Diamballa Yansambou Maïga, katin tsohuwar jam'iyya, ko wasiƙa daga Kano, ko tsegumin maƙwabci, ya isa a ɗauke mutum. Kasonnin da sabuwar gwamnati ta gada na Turawa ne, an gina su don ƴan tsirarun ɓarayi da masu bashin haraji, sai ga shi ana ta zuba musu ƴan siyasa.

Ya kamata a tsaya a kan yadda irin wannan ɗaki yake, don wanda bai taɓa shiga ba ya kan ɗauka hukuncin kaso shi ne rufe ƙofa kawai. Salga, in akwai ta, tana tsakar gidan kason ne, ana zuwa da rana. Da yamma ta yi sai a ƙirga mutane a kulle, ba za a buɗe ba sai safiya, wato awa goma sha biyu ko fiye. A cikin ɗakin babu famfo, babu rami. Abin da ke akwai bokiti ne, ko tano da aka yanka biyu, an ajiye kusa da ƙofa ko a lungu, sau da yawa babu murfi. Mutum ashirin ko arba'in ke amfani da shi. In ciwon ciki ya shiga ɗakin, kafin tsakar dare ya cika ya fara malala, kuma a ƙasa ake kwanciya.

Wurin kwanciya ma da darajarsa. Wanda ya daɗe, ko mai ɗan abin hannu, ko na kusa da shugaban ɗaki, shi ke samun gindin taga. Baƙon da aka kawo yau, da baƙauyen da ba shi da mai kawo masa tuwo, su ke kwana jikin bokiti, su ne kuma ke ɗaukarsa da safe su zubar, su ɗauraye in an samu ruwa. Hannun da ya ɗauki bokitin shi zai shiga akushi ba tare da ya ga sabulu ba, ƙudan da ya sauka a kai shi zai sauka kan abinci. Ta haka atuni da gudawa da taifot ke zagaye ɗaki, ƙazuwa kuma ta bi tabarmi.

Akwai kuma abin da likita ba ya aunawa. Mutanen nan akasarinsu musulmi ne da suka tashi da buta a hannu. Dattijon da ko sunan ɗansa na fari ba ya faɗa saboda kunya, shi ne zai tsuguna gaban sa'o'in jikokinsa, wani lokacin gaban surukinsa, tunda kamun siyasa kan kwashi gida guda. Ga salla: ruwan da aka ba mutum bai ishe shi sha ba balle tsarki da alwala, wurin da zai sa goshi kuwa taku biyu ne daga najasa. Da yawa sukan rage cin abinci da shan ruwa da gangan don kada dare ya kama su, su ƙara wa jikinsu rauni. Mai mulki bai buƙatar ɗaga bulala kafin ya karya mutum a irin wannan ɗaki, kuma babu takardar da za ta nuna shi ya ba da umarni.

Inda abin ya kai maƙura shi ne Maraɗi, a watan Mayun 1964. Bayan wata hatsaniya ta siyasa a Jiratawa, aka kwaso mutanen garin aka cusa su cikin ƙaramin ɗaki guda a kulle. Duk wanda ya san Maraɗi a watan Mayu, kafin saukar damina, ya san irin zafin da ake yi ko a ƙarƙashin bishiya. Jikin mutane da yawa a ɗaki marar iska yana ƙara zafi a kan zafi, numfashinsu na cinye iskar da ta rage, ga ƙishirwa. Da aka buɗe ƙofa, mutum 21 sun rasu. Manoma ne, ba kotun da ta yanke musu hukuncin komi.

Wannan labari ya isa Accra, kuma yana cikin abubuwan da suka sa shugabannin Sawaba suka yi zaton ƙasa ta nuna, taɓawa kaɗan za ta faɗo. Tun shekarun baya jam'iyyar ta tura ɗaruruwan matasa waje, wasu karatu a ƙasashen gabashin Turai, wasu koyon aikin soja a Aljeriya da Sin da Vietnam ta Arewa da Ghana. Daga ƙarshen Satumba zuwa Oktoban 1964 ƙananan rukunoni ɗauke da makamai suka tsallako ta iyakokin Najeriya da Dahomey da Haute-Volta, da fatan talakawa za su tashi su mara musu baya. Talakawa ba su tashi ba. Gwamnati ta riga ta samu labari, Faransa na bayanta, aka sa mutanen ƙauyuka farautar su da kwari da baka. An kashe Dandouna Aboubakar a yankin Ƙonni, an harbe huɗu a bainar jama'a a Yamai ranar 13 ga Oktoba. Ranar 13 ga Afrilun 1965, a filin idin babbar salla, Amadou Diop ya jefa gurneti inda shugaba Diori yake. Diori ya tsira, wani yaro ya rasa ransa.

A nan masu ƙaunar Djibo kan so a wuce da sauri, amma bai kamata ba. Shi ne jagora, da sunansa aka tura matasan, kuma lissafin da aka yi daga nesa ya zama kuskure mai tsada. Shi yana Accra, daga baya Konakiri bayan an kifar da Nkrumah a watan Fabrairun 1966. Waɗanda suka biya kuɗin sabulu su ne na cikin gida. Kamun da ya biyo baya ya shafi dubban mutane, da wanda ya ɗauki bindiga da wanda kawai ya ba baƙo ruwan sha. An tara su a Camp Bano a Yamai, an watsa wasu zuwa Tillaberi da Agadas da sauran wurare masu nisa. Wasu sun mutu wajen tambaya, wasu cuta ta ci su a hankali, wasu sun shekara kusan goma kafin su sake ganin ƙofar gidansu.

Duk wannan ya faru ne bayan duniya ta riga ta rubuta ƙa'ida. Tun 1955, a birnin Geneva, wani taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da mafi ƙarancin abin da ya wajaba a yi wa ɗan kaso, ciki har da cewa a ba shi wurin biyan buƙata a duk lokacin da ta taso, cikin tsabta da mutunci. Nijar ta shiga Majalisar a 1960. Waɗannan ƙa'idoji ne aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda shi ma ya yi shekaru yana wanke bokitinsa kowace safiya a tsibirin Robben.

Ranar 15 ga Afrilun 1974 Laftanan-Kanal Seyni Kountché ya kifar da Diori. Hausawa sun ce in za ka gina ramin mugunta, gina shi gajere. Diori ya tafi barikin soja na Damagaram, Boubou Hama ya tafi Agadas, ministocin jiya suka shiga hannun masu gadin da jiya ke sara musu. Aka buɗe wa sauran ƴan Sawaba ƙofa, aka ce na waje su dawo, da sharaɗin babu siyasa. Djibo ya dawo bayan shekara 15.

Shekara ɗaya kacal ya yi yana shan iska. A farkon Agustan 1975 aka kama shi tare da Kwamanda Sani Souna Sido, mutum na biyu a gwamnatin sojan, bisa zargin shirya juyin mulki. Ba a gurfanar da su gaban kotu a fili ba. Sani Souna Sido ya rasu a tsare a Agadas a 1977. Djibo kuwa aka kai shi N'Guigmi, ƙarshen hanya a gabas, kusan kilomita 1,500 daga Yamai, inda ko mai son kai masa goro sai ya yi kwanaki a mota. Yana da shekara 53 a lokacin. Babban mutum ko a tsare ba a cika cusa shi cikin taro ba, nasa azabar kaɗaici ne da nisa da rashin sanin ranar fita. Amma ga yadda abin ya kasance: ƴaƴan Soudouré biyu da suka raba ƙasa gida biyu shekara ashirin, ɗaya na kulle a Damagaram, ɗaya a N'Guigmi, mabuɗan duka a aljihun mutum guda. Marubuci Abdoulaye Mamani, tsohon ɗan Sawaba na Damagaram kuma mai littafin Sarraounia, shi ma ya dawo gida ya faɗa kason Kountché. Sai cikin shekarun 1980 Djibo ya samu kansa.

Ya fito da tsufa, ƙasar kuma ta sake. Diori ya rasu a Rabat a 1989. Bayan taron ƙasa na 1991 aka dawo da jam'iyyu, Sawaba ta farfaɗo amma a rabe biyu. A 1992 Djibo ya fitar da littafin tarihin gwagwarmayarsa, Silence ! On décolonise, a 1993 kuma ya tsaya takarar shugaban ƙasa a ƙarƙashin UDFP-Sawaba, bai kai kashi 2 cikin 100 ba. Direbobi da ƴan kamashon da suka ɗaga shi a 1957 sun tsufa ko sun mutu, ƴaƴansu kuma sun bi wasu tutoci. Ya rasu a Yamai ranar 16 ga Afrilun 1998, yana da shekara 76.

Abin lura a tarihin siyasar Nijar shi ne yawan manyanta da suka ɗanɗana tsarewa, daga Diori da Djibo har zuwa Mamadou Tandja da Hama Amadou da Mahamadou Issoufou. Ƙasa kaɗan ce shugabanninta suka san cikin kaso kamar haka. Duk da haka batun salga da ruwa a ɗakin ɗan kaso bai taɓa zama abin yaƙin neman zaɓe ba. Kowa ya fito sai ya ba da labarin zaluncin da aka yi masa shi, ɓarawon akuyar da ya bari a ciki kuwa babu mai tuna shi.

Ma'aunin da ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge ta duniya ke aiki da shi ba wani abin alfarma ba ne: makewayi ɗaya ga mutum 25, lita 10 zuwa 15 na ruwa ga kowane mutum a yini, fili murabba'in mita 3.4 ga kowa a ɗakin taro. Inda babu halin sa makewayi a cikin ɗaki, a sa bokiti mai murfi, a zubar kullum a wanke. Babban kason Yamai, ginin zamanin Turawa wanda aka ƙiyasta zai ɗauki mutum 445, ya sha riƙe fiye da dubu, kuma da yawansu jiran shari'a suke yi.

A wannan kason ne, wata goma sha shida da ƴan kwanaki bayan rasuwar Djibo, abin Maraɗi ya maimaita kansa. A farkon Satumban 1999, lokacin mulkin riƙon ƙwarya na Daouda Malam Wanké, bayan wani tashin hankali a gidan, masu gadi suka cusa ƴan kaso cikin ɗakin horo marar iska suka kulle. Mutum 29 suka rasu. Ranar 3 ga watan aka sa hannu kan dokar da ta tsara yadda za a tafiyar da gidajen kason ƙasar, aka sake yin wata a 2017.